Na Ce Ta Yi Masa Gayya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kafin ku gyara zama, bari in gaya muku tun yanzu: duk wanda ya biyo labarin 'yata Naja'atu da Zakiyyu yana jiran ranar guɗa, yau ba zai ji daɗi ba. A wannan shafin abin zai lalace, kuma da bakina zai lalace. Jinkirin da kuka ga na yi ba rashin data ba ne kamar yadda wasu suka zata. Gajiya ce.

Ga sababbin shigowa, ni ne Lawal, mutumin Gazara ta ƙasar Makarfi, manomin rake. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, don haka in kun ga tuntuɓe a rubutun ku tsallake. Naja'atu ita ce ta uku a 'ya'yana. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata, uwarta Kulu kuwa Ummi take kiranta. Shekararta ta biyu ke nan a Maleshiya tana karatun sarrafa abinci, wata gidauniya ce ta ɗauki nauyinta bayan ta yi fice a jarrabawa. Zakiyyu kuma ɗan Alhaji Ashafa ne, mai injin matse rake a Makarfi. Jami'arsu ɗaya, shi ubansa ke biya masa. A can suka daidaita kansu, babu wanda ya haɗa su. Da babbar sallar bara aka zo gaisuwa, aka raba goro da alewa, aka ce sai sun gama. Akwatin da suka kawo yana nan a saman sif ɗin Kulu, ta lulluɓe shi da tsohon zane, duk Juma'a sai ta sauke ta duba ko gara ta shiga leshin.

Tun kafin ta tafi Uwata ta zaunar da ni a kan tabarma ta karanta mini dokokin makarantar, tana yi tana fassarawa. Ba a fashin lacca, don da yawan zuwanka aji ake sabunta maka biza. Makinka kada ya sauka ƙasa da wani mataki. Sannan kowa ya yi aikinsa da kansa, wanda aka kama da aikin wani, gidauniya ta zare hannunta, ya tattaro ya dawo gida. Biyun farko su suka tsaya mini a rai. Ta ukun nan dariya ma na yi.

"Uwata, ke da ake leƙen takardarki tun firamare, ke za a gaya wa satar amsa?"

Ni a tunanina maganar ɗakin jarrabawa ce, yaro ya rubuta amsa a cinya ko a cikin hula. Ban san tana da wata fuska ba.

Ranar wata kasuwar Makarfi, farkon yankan rake, na biya ta rumfar Alhaji mu gaisa. Ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, muka taɓa farashin taki, muka taɓa na mazarƙwaila. Sai ya gyara hularsa ya rage murya.

"Malam Lawal, ɗanka fa yana cikin wani hali. Zazzaɓi ya kwantar da shi, aiki ya taru masa. Akwai wani rubutu da aka ba su, kwas ɗin da suke yi tare da 'yar wajenka. Ita ta gama nata, shi ko fara nasa bai yi ba. Ya ce ya roƙe ta ta nuna masa, ta ƙi."

"Ta ƙi?"

"Wai doka. To ni dai na ce, mace da mijinta har da doka?"

Kunya ta kama ni har na kasa ƙarasa lemon. Ku da ba ku sani ba, shekarar da na karye a babur, ina kwance da ƙafa a ɗaure damina ta kankama, Ashafa ne, lokacin bai je Makka ba, ya tara mini gayya. Mutum wajen talatin da garmunansu da mai kiɗa, kafin la'asar sun huɗe mini gona tas. Shi ya ja layin farko. Da dawar da gonar ta bayar muka ci tuwo shekara guda, har da Uwata tana goye. Yau ɗansa ya nemi a nuna masa takarda kawai, 'yata ta ce doka.

Ban bari na isa gida ba. A bakin tasha na tsaya inda sabis ke da ƙarfi, na danna na yi mata saƙon murya. Har yanzu yana cikin wayata, na saurare shi ya fi a ƙirga. Ga abin da na ce, ban rage ba:

"Uwata, Babanki ne. Na ji wai Zakiyyu ya nemi ki nuna masa aikinki kin hana. Wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Yaron nan ba shi da lafiya. Ki tura masa naki yau ɗin nan, ki yi masa gayya. Umarni nake ba ki."

Ina kan babur amsarta ta shigo, a rubuce.

"Baba ina wuni. Wallahi a nan ba a yin haka. Wanda ya bayar da wanda ya karɓa duk laifi ne."

Na tsaya a gindin mangwaro na rubuta mata da yatsa ɗaya: "Dubawa kawai zai yi ya ga yadda ake tsarawa. Ko kin fi ni sanin daidai ne yanzu?"

Alamar nan ta nuna tana rubutu, ta ɗauke, ta dawo, ta ɗauke. Can sai ga kalma biyu.

"To Baba."

Na isa gida ina jin kaina uba. Har na ba Kulu labari tana tankaɗen garin masara, na ce yaran yanzu sai ana tuna musu zumunci. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, kai da ko sunan kwas ɗin ba ka iya faɗa ba, me ya kai ka raba musu aiki?" Na ce mata ai ba sai na iya sunan gona ba kafin in san ana taimakon maƙwabci. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Aka yi makonni, na ma manta.

Wata safiya ina shan koko a ƙofar ɗaki, sai ga kiran bidiyo. Da ma da safenmu take kira, lokacin su can rana ta yi sanyi. Na ɗauka ina murmushi, ina sanye da baƙar hular nan mai kama da kwalekwale da Zakiyyu ya aiko mini. Ina ganin fuskarta na ajiye kofin. Tana cikin hijabinta ruwan toka, wanda Kulu ta ɗinka mata a Zariya kafin tafiya, duk ya yamutse kamar da shi ta kwana. Idanun sun kumbura. A bayanta ina hango gadonta da tulin littattafai da 'yar tukunyar lantarkin da take dafa shinkafa.

"Baba ina kwana. Ya Inna? Ya aikin rake?"

"Lafiya lau. Uwata, me ya faru?"

"Baba, an kira ni gaban kwamitin ladabtarwa."

Kulu ta saki muciya ta taho tana goge hannu a zane, ta durƙusa a gefena har kanta na buga nawa.

Uwata ta yi mana bayani a hankali, yadda ake yi wa yara. Ashe a can ba hannu da hannu ake ba malami aiki ba. Cikin na'ura ake zubawa, ita kuma na'urar tana riƙe da duk abin da wani ɗalibi ya taɓa zuba mata. In naka ya yi kama da na wani, sai ta shafa masa ja. Nata ya fito ja tun daga sama har ƙasa.

"To ai naki ne," na ce. "Ja ko kore, ke kika rubuta."

"Baba, ya riga ni zubawa."

"Wa?"

"Zakiyyu. Bai duba tsari ba, ɗauka ya yi gaba ɗaya. Ya canza suna, ya canza kalmomi kaɗan a farko, ya zuba kwana ɗaya kafin ni. Ni na tsaya ina gyara jerin littattafan da na karanta. A wajen na'ura, shi ne mai aiki, ni ce na kwafa."

Kulu ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ta juyo ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ki gaya musu mijin da za ki aura ne. Ki ce gida ɗaya ne."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Baba, in na faɗi haka ai na ƙara wa kaina. Su ba ruwansu da gida. Kowa da lambarsa."

Akwai wata mata a makarantar, aikinta ke nan ba ɗaliban ƙasashen waje shawara in sun shiga irin wannan. Ita ta shimfiɗa wa Uwata hanyoyin biyu. In ta kawo shaidar cewa ita ta rubuta, kuma matsa mata aka yi ta tura, laifin bayarwa yana kanta, amma mai sauƙi ne: gargaɗi, ta sake kwas ɗin, wataƙila gidauniya ta haƙura. Wataƙila, matar ba ta yi alkawari ba. In kuwa ba ta kawo ba, za a rubuta mata satar aiki a fayil, kuma ranar da gidauniya ta gani, karatu ya ƙare.

"To ai da sauƙi," in ji Kulu. "Ummi, ba kina da shaidar ba?"

"Ina da ita, Inna. Saƙon Baba, da lokacin da na tura masa, duk suna nan."

"To me ake jira?"

"Inna, shi yana kan gargaɗin ƙarshe. Tun bara makinsa ya faɗi, ga fashin lacca. Ni ma sai yanzu na sani. In aka tabbatar shi ya kwafa, korarsa za su yi, a soke bizarsa."

Sabis ya ɗauke a nan, fuskarta ta daskare a kan gilashin, baki a buɗe. Na yi ta kallonta a haka har wayar ta yi duhu.

Kafin azahar saƙonnin Zakiyyu suka fara shigowa. Yaron nan ya iya gaisuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba.

"Salamu alaikum Baba, barka da rana, ya iyali, ya ƙoƙari."

"Baba wallahi kuskure ne, na ɗauka in na canza farkon na'urar ba za ta gane ba."

"Baba ban yi don in cuce ta ba, Allah ne shaida, ina sonta."

"Baba don Allah ka sa baki. Maganarka kawai take ji."

Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai, don gaskiya ne. Na rubuta masa, "Zazzaɓin ya sauka?" Ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Bai amsa ba.

Washegari bayan la'asar Alhaji ya zo da kansa. Mota ta tsaya a ƙofar gida, yara suka kewaye ta. Ya fito cikin farar shadda mai aiki ruwan ƙasa, turarensa ya riga shi shiga zaure, direba na biye da kwalin taliya da galan ɗin mai. Na shimfiɗa masa darduma. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, muka sake wata. Ya tambayi kowa har da akuyar da ta haihu. Ni kuwa na san Kulu na tsaye a bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida, ina jin ƙarar awarwaronta.

"Malam Lawal," ya ce, "abin nan namu ne, mu rufa wa juna asiri. Na yi wa yaron faɗa, har kuka ya yi. Amma ka duba. Ita fayil ɗinta fari ne tas, wannan ne na farko, za su tausaya mata. Shi kuwa ko tari ya yi sun kore shi. Ta yi shiru kawai. Ba a ce ta yi ƙarya ba, ta yi shiru."

"Alhaji, an ce in ta yi shiru gidauniya za ta janye."

"In sun janye ni na mutu ne? Ni zan biya. In ma abin ya ƙi, ta dawo ta ƙarasa a Zariya, ga jami'a a ƙofar gida. Kuma tsakani da Allah, digiri ɗaya ai ya ishi gida ɗaya. Shi ne zai riƙe ta."

Awarwaron ya yi ƙara da ƙarfi. Alhaji ya yi kamar bai ji ba.

Na ce, "Yarinyar nan ta sha wahala kafin ta samu wannan gurbin. Da fitilar waya ta yi karatun jarrabawar."

"Na sani. Wa bai sani ba?" Ya ja carbi. Sannan ya dubi ƙafata, ta hagun, wadda har yau nake ɗan ja. "Ya ƙafar kuwa? Tana taɓa ka in hadari ya haɗu?"

"Wani lokaci."

"Allah Sarki. Shekarar da ka karye an sha aiki. Ka san ranar gayyar nan da na koma gida hannuna duk ya fashe? Amma ko a jikina. Ranar wa ya tsaya tambayar wannan kunyar wa ya huɗe, waccan ta wa ce? Gona ta Lawal ce, aka yi aka tashi."

Bai ƙara ba, bai kuma buƙaci ya ƙara ba. Na raka shi mota ina cewa Allah ya huta gajiya, ya ce yana jiran alheri.

Ina shiga gida na tarar Kulu ta sauke akwatin nan daga saman sif ta ajiye a tsakar ɗaki.

"Wannan fa?"

"Kusa da ƙofa na matso da shi, kada ya yi wuyar fita."

"Kulu, ki bi a hankali."

"A hankali na bi ai, Malam, shi ya sa muke nan. Digiri ɗaya ya ishi gida ɗaya! To a bar nata mana, tunda ita ta iya. Shi ya dawo ya tsaya wa ubansa a bakin inji, ko lissafin mazarƙwailar ma sai Ummi ta tura masa?"

"Mutumin nan ya yi mini rana."

"Ya yi maka. Ka je ka huɗe masa tasa gonar, ni zan dama furar, har mai kiɗa zan biya. Amma ba da 'yata za ka rama gayya ba. Kuma ya biya mata karatu? Yau ya biya, gobe in ta yi magana a ce wa ya kai ki?"

Na zauna a bakin gado na cire hular kwalekwalen nan, na rasa inda zan ajiye ta. Jama'a, ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba, ko shekarar da na yi yankan rake ni kaɗai. In na juya dama in ga Ashafa da garma a kafaɗa yana jan layi. In na juya hagu in ga Uwata a tashar mota ranar tafiya, ta riƙe jakarta da hannu biyu tana cewa, Baba ba zan ba ka kunya ba.

Da safe na tafi gona da wayar a aljihu, na hau kan tudun da ke gefen fadama na kira ta. Wannan karon ba bidiyo, ban so ta ga fuskata.

"Uwata, kin ci abinci?"

"Na sha shayi."

"Shayi ba abinci ba ne. Alhaji ya zo jiya."

"Na sani. Zakiyyu ya gaya mini. Tun jiya yake zaune a ƙasan benenmu, masu gadi sun kore shi ya dawo." Ta ja numfashi. "Baba, matar nan ta ce in zan ba da saƙonka sai na fassara musu shi a rubuce. Na fassara duka, kalma ɗaya ta gagare ni."

"Wacce?"

"Gayya. Na rubuta taimako, na ga ba shi ba ne. Na rubuta aikin haɗin gwiwa, ta ce in na sa haka na amsa babban laifi da bakina, don sunan laifin ke nan a littafinsu. Na yi mata bayani, na ce mutane ne ke taruwa su yi wa mutum ɗaya noma, amfanin nasa ne shi kaɗai, ba a rubuta sunan kowa. Ta ce abin sha'awa ne ƙwarai. Sannan ta ce, amma kin san a nan ba amfanin gonar muke aunawa ba, manomin muke aunawa."

A ƙasa ina hango masu yi mini yanka suna ɗaure rake dami dami. Maganar matar nan ta zauna mini daram. Takardar da za su ba yaro a ƙarshe cewa take yi wannan ya iya huɗa. In an yi masa gayya, takardar ta yi ƙarya, ko da gonar ta yi kyau. Abin da Uwata ta gaya mini ke nan a layi ɗaya ranar kasuwa, na ce ko ta fi ni sanin daidai.

"Uwata, ki bar kalmar yadda take. Ki rubuta gayya. In sun tambaya, ki ce wani tsoho ne a Gazara ya ɗauka makaranta gona ce. Ki kunna musu muryata su ji da kunnensu, har wurin da na ce umarni nake ba ki. Kada ki rage."

"Alhaji fa?"

"Alhaji nawa ne, ni zan ji da shi. A can kowa da kunyarsa aka ce ko? To ki tsaya a kan wadda kika huɗe. Ɗaya kunyar, ta zaure, ki bar mini, ni na saye ta."

Na ɗauka za ta ji sanyi. Sai na ji tana kuka a hankali, irin kukan da ba a so a ji.

"Baba, kai kana ganin tsoronka ko tsoron Alhaji ne ya hana ni? Tun ranar farko na san ina da saƙon nan. In na kunna, jirgi za su sa shi. Zai sauka a Kano ba digiri, duk Makarfi ta san ni na yi sanadi. Na ji haushinsa, wallahi ko kallonsa ba na son yi. Amma jiya da na leƙa ta taga na gan shi zaune a kan dakali cikin rigar da na saya masa, ruwa na dukansa, sai da na sauka na miƙa wa mai gadi lema ya kai masa. Baba ni ban san me ke damuna ba."

Ni na san me ke damunta, amma ba maganar uba da 'ya ba ce.

"Shi ya ce zai faɗi gaskiya da kansa?" na tambaya.

"Ya ce yana tunani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kira mu."

Na buɗe baki zan ce umarni nake ba ki. Kalmar ta zo har kan harshena. Na tuna inda ta farkon ta kai mu, na haɗiye ta.

"Uwata, na gaya miki abin da nake so. Amma ke za ki shiga ɗakin nan, ba ni ba. Duk abin da kika yi, ɗakinki na nan, Innarki na share shi."

"To Baba."

Irin wancan "To Baba" ɗin ne sak. Ban san me ke cikinsa ba.

Daga gona ban koma gida ba, na wuce Makarfi. Na samu Alhaji a bakin inji, ruwan rake na zuba a daro, hayaƙin tukwane ya cika wurin. Na gaya masa a tsaye cewa na ba ta izini ta faɗi yadda aka yi, kuma in damina ta zo, gonarsa ta Kudan ni zan ja layin farko ko da ƙafa ɗaya ne. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ina da tarakta, Malam Lawal." Ya juya ya ci gaba da magana da masu aiki. Ba a kawo lemo ba.

Jiya Talata aka yi zaman. Ƙarfe uku na yammarsu, mu nan hantsi bai gama ɗagawa ba. Kulu ta ɗauki azumi, ta zauna a kan sallaya da wayarta a cinya. Ni na kasa zama, na tafi gona na kasa aiki, na hau tudu na sauko, na sake hawa. Har wani cikin masu yanka ya ce, "Baba Lawal, ko wata ake dubawa da rana?" Na yi masa dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wajen azahar saƙo ya shigo.

"Baba na fito. Sun ce za su rubuto mana hukunci, ba su faɗi rana ba. Na gaji sosai, zan kwanta. Ka gaida Inna."

Na rubuta, "Kin kunna?"

Alama ɗaya ce ta fito, ba ta zama biyu ba. Ta kashe wayar.

Na duba lambar Zakiyyu. Hoton da ke kai da, su biyu ne a gaban wani dogon bene, ita cikin hijabi ruwan hoda, shi ya yi tsaye nesa kaɗan yana dariya. Yanzu babu hoto, sai farar da'ira. Kulu ta ce wannan alama ce cewa Uwata ta kunna saƙon, ya yi fushi. Can kuma ta ce ko kuwa kunya ce ta sa ya cire, don ta rufa masa asiri ya kasa kallon fuskarta. Da yamma direban Alhaji ya wuce ta ƙofar gidanmu, ya rage gudu, ya ɗaga mini hannu, bai tsaya ba. Wannan ma mun juya shi ni da Kulu har tuwo ya huce, ba mu fitar da komai ba.

Yau da safe alamar ta zama biyu, ta yi shuɗi. Ta karanta. Ta turo gaisuwa, ta tambayi ƙafata, ta ce ruwa ake yi a can. Tambayata ba ta taɓa ta ba, ni kuma ban sake yi ba.

Akwatin yana nan a tsakar ɗaki, muna kewaye shi in za mu wuce. Kulu ba ta mayar da shi sama ba, ni ban ce a fitar ba.

Iyakar abin da ke hannuna ke nan. Ban san hukuncin da kwamiti zai yanke ba, ban san ko gidauniya za ta haƙura ba. Ban san ko Zakiyyu ya buɗe baki ya faɗi gaskiya ba. Kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan, ban san ko Uwata ta kunna musu muryata ba.